Tuƙin Tirela: Ƙofar da Mace Za Ta Shiga Ta Fi Motar Muhimmanci

Duk wanda ya taɓa yada zango a Marabar Jos, ko ya ratsa Tafa da magariba, ya ga yadda duniyar manyan motoci take. Tireloli da tankoki sun yi jerin gwano a gefen kwalta, yaran mota sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bodi, masu faci suna ta fama da tayoyi, mai shayi yana ta sheƙawa. Mata suna da yawa a wurin, sai dai masu tuwo ne da masu fura da masu sayar da ruwa. Da wuya ido ya faɗa kan wadda ta sauko daga kujerar direba.

Wannan hoto ya fara sauyawa, ko da yake a hankali. A Ghana, kamfanin Ladybird Logistics ya fara aiki a 2018 da direbobi mata zalla, suna ɗaukar mai a tankoki zuwa wuraren haƙar ma'adinai. A Nijeriya, kamfanin siminti na Lafarge ya horar da mata tuƙin manyan motoci. A 2025 kuma matatar Dangote ta ba da sanarwar za ta zuba tankoki 4,000 masu aiki da iskar gas don rarraba mai, kuma kowace tanka tana bukatar mai tuƙa ta. A lokacin da masu digiri ke yawo da takardu ba aiki, ba abin mamaki ba ne idan wata budurwa, ko bazawara mai 'ya'ya uku, ta fara tunanin wannan sana'a. Za ta tambayi yayanta ko kawunta, su kuma sau da yawa amsa biyu ce a bakinsu: ko su ce aikin maza ne, ko su ce ta jarraba sa'arta. Duk amsoshin biyu ba su taimake ta da komai ba.

Shawarar da ta fi kowace amfani ita ce ta kula da ƙofar da za ta shiga. Wanda zai koya mata, wanda zai ɗauke ta aiki, hanyar da za a ɗora ta a kai, da inda dare zai riske ta: waɗannan su ne za su yanke ko za ta daɗe a sana'ar da mutuncinta da lafiyarta, ko za ta bar ta cikin wata shida da baƙin labari.

Batun ƙarfin damtse

Hujjar da aka fi kawowa ita ce tirela tana son ƙarfi. A zamanin tsofaffin gingimari, lokacin da sai an haɗa da kafaɗa kafin sitiyari ya juya, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Motocin yanzu sun wuce nan. Sitiyarinsu mai ne ke taimaka masa, birkinsu iska ce ke matsa shi, da yawa daga cikin sababbin kuma su ke sauya wa kansu giya. Abin da ya rage na aikin ƙarfi shi ne sauya taya, ɗaure kaya, da ja da tamfol, kuma ko direba namiji ba kasafai yake yin waɗannan shi kaɗai ba. Dalilin ɗaukar yaron mota ke nan.

Abin da motar ke nema a wurin direba shi ne haƙuri, lura, da iya hana kai gaggawa. Babu wanda ya taɓa nuna cewa waɗannan halaye gadon maza ne. Wahalar da ke jiran mace tana wajen motar, a cikin tsarin da aka gina shekara da shekaru bisa zaton cewa direba namiji ne, mai iya kwana ko'ina, mai iya kama ruwa a bayan taya.

Ƙofar karen mota

Akasarin direbobin tirela na ƙasar nan ta hanya ɗaya suka koyi aiki. Yaro yakan bi wani direba a matsayin karen mota. Ya wanke mota, ya sa wa taya waigi, ya kwana yana gadin kaya, ya dafa abinci, ya sha faɗa. Bayan shekaru, idan maigidan ya ga dama, sai ya fara ba shi mota ya gyara mata tsayuwa a gareji, daga nan ya bar masa sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya. Wannan makaranta ta fitar da gwanaye, ba a musun haka. Amma ba ta da ranar gamawa, ba ta da takarda, kuma ɗalibi yana hannun mutum ɗaya ɗungurungum.

Mace ta guji wannan ƙofa. Kwanaki a hanya ita da namijin da ba muharraminta ba, a cikin kan mota mai gado ɗaya, kuma shi ne mai ikon cewa ta iya ko ba ta iya ba: wannan yanayi ne da addini bai yarda da shi ba, hankali ma bai yarda ba. Ko a Amurka, inda ake da ƙungiyar mata masu tuƙin manyan motoci tun 2007, an samu ƙorafe-ƙorafen cin zarafi da suka kai kotuna waɗanda suka fito daga lokacin horo, sa'ad da ake haɗa sabuwar direba da mai koyarwa namiji su yi makonni a mota ɗaya. Idan haka ta faru a inda ake da lauyoyi da kyamarori, ana iya ƙiyasta abin da zai faru tsakanin Mokwa da Jebba da tsakar dare.

Ƙofar da ta dace ita ce ta makaranta mai rajista ko ta horon kamfani, inda ake koyo da rana, a fili, cikin rukuni, tare da jarrabawa da takardar shaida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke tantance makarantun koyon tuƙi, kuma lasisin da ya shafi tirela shi ne na rukunin G. Mai neman lasisin tuƙin haya sai ya kai shekara 26, sai kuma an duba lafiyarsa. Wadda ba ta kai ba, ba ta yi asara ba: ta samu lasisin ƙaramar mota, ta tara shekarun tuƙi marasa haɗari, domin kamfanoni suna tambayar wannan. A Zariya akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, NITT, wadda horar da ma'aikatan sufuri shi ne aikinta, kuma wuri ne da ya kamata mai neman bayani daga Arewa ta fara leƙawa.

Za a samu wanda zai ce ta kawo kuɗi da hoto, lasisi zai same ta har gida. Kada ta karɓa. Ranar da aka yi haɗari, lasisin bogi shi ne abu na farko da kamfanin inshora da ɗan sanda za su riƙe, kuma daga ranar ita ce mai laifi ko da ita aka buga.

Hanya kafin mota

Mutane suna jin tuƙin babbar mota sai su hango Legas zuwa Maiduguri. Sana'ar ta fi haka faɗi. Akwai tifa mai ɗaukar yashi da tsakuwa. Akwai motocin da ke kai dutse daga mahaƙa zuwa masana'antar siminti, ba su ma hawa babban titi. Akwai masu rarraba lemo da fulawa da taki daga ma'ajiya zuwa dilolin cikin jiha. Akwai motocin kwasar shara da na kamfanonin gina hanya. A duk waɗannan, direba yana fita da safe ya kwana a gidansa.

Lissafin doguwar hanya kuwa ga shi. Daga Legas zuwa Kano ya kai kimanin kilomita 1,000. Ƙa'idar gudun tirela da tanka a Nijeriya ita ce kilomita 60 a awa a kan tagwayen hanya, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari. Ko da za a yi tafiyar duka a kan 60, awa 17 ke nan na tuƙi zalla, ban da ramuka, shingayen bincike, lalacewar mota, da layin lodi a Apapa wanda kan ci kwanaki. Zuwa da dawowa ɗaya yana iya cinye mako ko fiye. Wadda ke da yaro a firamare ta san abin da mako yake nufi.

Nan ne kuma maganar muharrami take shigowa, kuma bai kamata a yi mata tsalle ba. Iyali Musulmi da suka yi tambaya a kan tafiyar kwanaki ba tare da muharrami ba, tambaya ce ta gaskiya, wadda malamai ne za su amsa ta. Amma tambayar ta shafi doguwar tafiya. Ba ta hana mace tuƙa tifa tsakanin mahaƙa da wurin gini a cikin garinsu ba, kamar yadda ba ta hana malamar asibiti zuwa aiki ba. Wadda ta zo wa mahaifinta ko mijinta da sunan kamfani, da hanyar da za ta riƙa bi, da lokacin tashi daga aiki, ta fi kusa da samun albarkarsu fiye da wadda ta zo da buri kawai. Albarkar nan tana da amfani ko ta fuskar aiki, domin ranar da mota ta mutu a hanya, ko yaro ya kwana da zazzaɓi, gida ne zai rufa mata baya.

Gaskiya ne gajeriyar hanya ba ta kawo kuɗi kamar doguwa. Alawus ɗin tafiya da rarar man gas suna wajen masu dogon zango. Amma shekara biyu a gajeriyar hanya suna koya wa direba ribas, shiga kwana, da sanin halin mota a wurin da kuskure ba ya cin rai da yawa. Sannu ba ta hana zuwa. Wadda ta ƙware, ta ga yanayin gidanta ya ba da dama, tana iya neman doguwar hanya daga baya, a kamfanin da ke tafiya cikin ayari kuma yake da wuraren kwana nasa.

Abin da za ta tambaya kafin ta sa hannu

Mafi yawan direbobi a ƙasar nan da baki aka ɗauke su, da baki kuma ake korarsu. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Ta nemi wannan takarda, ta kai wa wanda ya san doka ya karanta mata, sa'annan ta samu amsar waɗannan tambayoyi.

Albashin wata ne ko biyan kowace tafiya? Biyan tafiya yana tura direba gudu da tuƙin dare, domin duk awar da ya yi barci kuɗi ne ya rasa. Lita nawa ta man gas ake bayarwa a kowace hanya, kuma idan cunkoso ya cinye shi, wa zai cika? Idan aka sauke kaya aka ga giɓi, buhu biyar na siminti ko lita ɗari biyu ta fetur, daga aljihun wa za a cire? Nan ne direbobi da yawa suke ƙare wata da bashi maimakon albashi. Don haka ta ƙirga kaya da idonta, ta duba hatimin tanka, ta ɗauki hoto da waya, kada kuma ta sa hannu a takardar kayan da ba ta gani ba.

Ta tambayi wanda ke biyan tarar jami'an hanya idan laifin na mota ne, kamar sulɓaɓɓiyar taya ko takardun da suka ƙare. Ta tambayi ko kamfanin yana zuba kuɗin fansho, wanda dokar 2014 ta sa kashi 10 cikin 100 daga mai aiki, kashi 8 daga ma'aikaci. Ta tambayi ko yana cikin tsarin diyyar ma'aikata na dokar 2010, wanda ke biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ta kuma tambayi hutun haihuwa tun kafin bukatarsa ta taso. Doka ta ba da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki. Kamfanin da ya ɓata rai don an yi masa waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa.

Akwai kuma tarkon mallakar mota. Wani zai ce ta karɓi tifa ta riƙa biya sannu a hankali har ta zama tata. A irin wannan yarjejeniya, gyara da taya da ranakun da babu lodi duk a kanta suke, kuma saɓa biya kaɗan yana iya sa a ƙwace motar tare da duk abin da ta zuba. Sabuwar direba ba ta san kuɗin da mota ke ci ba tukuna. Ta fara koyon wannan da motar wani.

Halin motar

Akwai abubuwan da duk makarantar kirki za ta koyar, amma sun cancanci maimaitawa domin su ne ke kashe mutane. Birkin tirela da iska yake aiki, don haka ba a motsa mota sai gejin iska ya cika, kuma ana zubar da ruwan da ke taruwa a tankunan iskar. A gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo a Jihar Filato, direban da ya dogara da taka birki kaɗai zai sa shi ya yi zafi har ya daina kamawa. Ana shiga ƙaramar giya tun kafin a fara gangarowa, a bar inji ya riƙe motar. Sakin giya a gangara don a rage shan mai, wanda wasu ke yi saboda rarar da za su sayar, caca ce da rayukan jama'a.

Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata kafin ya tsayar da mota tana ninka huɗu. Tayoyin bayan tirela ba sa bin sawun na gaba a kwana, suna yanke ta ciki, inda mai babur yake son laɓewa. Akwai wurare a gefen mota da gabanta da madubi ba ya nunawa. Tanka kuwa tana da nata hali: lita 45,000 ta fetur ta kai nauyin tan 33, kuma ruwa ne mai motsi, yana tura mota gaba idan an taka birki, yana jan ta gefe a kwana. Mutanen Majiya a Jihar Jigawa, inda tanka ta faɗi ta kama wuta a Oktoban 2024 ta kashe fiye da mutum 150, da na mahaɗar Dikko a Jihar Neja a Janairun 2025, sun san farashin faɗuwar tanka. Bayan waɗannan ne gwamnati ta hana lodin tankoki masu ɗaukar lita 60,000 daga Maris na 2025. Sabuwar direba kada ta fara da tanka, komai kyan albashin.

Zagaya mota kowace safiya, a duba tayoyi, fitilu, mai, ruwa, igiyoyin iska da maƙalar da ta haɗa kai da bodi, ba ya wuce minti ashirin. Idan ta ga matsala ta rubuta, ta ƙi fita har a gyara. Za a ce mata tsoro ne irin na mata. Ta bar su su faɗa. Rigakafi ya fi magani, kuma sunan direba ne ake rubutawa a rahoton haɗari, ba na manajan da ya ce a lallaɓa ba.

Jiki da mutane

A Tarayyar Turai doka ta taƙaita tuƙi zuwa awa 9 a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Jikin ɗan Adam ɗaya ne a ko'ina, don haka wannan ma'auni ne mai kyau ko a inda ba a tilasta shi. Barci ba shi da magani sai barci. Goro da shayi suna jinkirta shi kaɗan, tiramol da sauran ƙwayoyin da ake sayarwa a tasha kuwa suna ɗauke tsoro ne su bar gajiyar, wanda ya fi haɗari.

Rashin banɗaki mai tsabta da tsaro yana sa mata su ƙi shan ruwa, abin da ke jawo ciwon mafitsara da na ƙoda. Mafita ita ce tsara tafiya: ta san gidajen mai da masallatan da ke da wurin mata a hanyarta, ta riƙe ruwa, buta, sabulu da kayan al'ada a mota. Tufafinta su kasance masu sutura amma marasa jan ƙasa, domin dogon mayafi yana iya maƙalewa a ƙofa ko a bel ɗin inji. Hijabi gajere da takalmi rufaffe sun wadatar.

Ta tsaya kafin duhu, a wuri mai haske da jama'a, ta kulle ƙofa, wani a gida da wani a ofis su san inda take. Kada ta ɗauki fasinja, kada ta faɗa wa baƙo abin da ta ɗauko ko inda za ta. Yaron motarta ya zama wanda ta yarda da shi, ƙane ko ɗan 'yar'uwa idan kamfani ya amince. Idan wani a wurin aiki ya fara wuce gona da iri, ta rubuta rana da wuri da abin da ya faɗa, ta kai ƙara da wuri, domin shiru yana ƙara wa irin waɗannan ƙarfin gwiwa.

Wannan ba ya nufin ta ɗauki kowane direba abokin gaba. A cikinsu akwai dattawan da suka shekara talatin a hanya, waɗanda daga ƙarar inji suke gane cutarsa. Wadda ta gaishe su da Baba ko Malam, ta yi tambaya da ladabi, ta riƙe iyakarta, za ta samu ilmin da babu shi a littafi. Ta kuma shiga ƙungiyar da ta shafi aikinta, domin a tasha da wurin lodi, katin ƙungiya yana buɗe ƙofofin da lasisi ba ya buɗewa.

Nauyin da ke kan masu motoci

Za a iya cewa duk wannan shawara ta dogara ga samun kamfani mai tsari, alhali irinsu kaɗan ne. Haka ne, kuma shi ya sa sauran maganar ta koma kan masu motoci, da manajojin sufuri, da jami'an gwamnati, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne. Ɗaukar mata goma hoto sanye da hular kwano a ranar bikin mata ta duniya abu ne mai sauƙi. Abin da zai nuna da gaske ake shi ne banɗaki mai ƙofa a wurin lodi, mai koyarwa mace, albashin da ba ya tilasta tuƙin dare, da lambar da za a kira a samu ɗauki idan mota ta mutu a daji. Duk waɗannan, direbobi maza ma sun daɗe suna bukatarsu, ba wanda ya tambaye su ne kawai.

Ita kuwa mai shirin farawa, idan ta duba ta ga ƙofar da ke buɗe a yau ta karen mota ce kaɗai, ko ta mai motar da ba ya son takarda, to ta jira. Ta ci gaba da tara shekarun tuƙi a ƙaramar mota, ta nemi lasisinta ta hanyar gaskiya, ta riƙa bibiyar sanarwar kamfanonin siminti da na abinci da na gine-gine. Tirela ba za ta ƙare a ƙasar da kusan duk abin da ake ci da wanda ake gini da shi a bayan mota yake tafiya ba.